Kunnena na hagu bai jin magana tas: akwai manhajar da ke saita hagu daban, dama daban?

Sani_MaiNiƙa: Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sanin waya a taimaka mini. Shekarata tara ina aikin injin niƙa nan Mabera, kuma tun bara na lura kunnena na hagu bai jin magana tas kamar na dama. Ba kurumcewa ya yi ba, ina jin ƙara, amma muryar sai ka ce mutum na magana cikin tulu. In na sa iyafis da dare ina sauraren karatu ko tafsiri, sai in ji malamin ya koma gefen dama gaba ɗaya. Wani yaro ya nuna mini wurin da ake jan sauti zuwa hagu, na ja. Sai kaurin sautin ya cika mini kunnen har kaina na sarawa, amma sin da shin har yanzu ban jin su can. Shin akwai manhajar da za ta bar mutum ya gyara ikwalaiza, wato saitin kauri da sirin sauti, na hagu daban, na dama daban? Wayata Tecno ce.

Abba_GSM: Wa alaikumus salam. Malam Sani kafin ka sauke komai, juya iyafis ɗin. Na hagu ka sa a kunnen dama, na dama ka sa a hagu. In dushewar ta bi iyafis ta koma dama, to iyafis ne ya lalace. In ta tsaya a hagu, kunne ne. A shago kullum sai an kawo mana waya an ce sautinta ya mutu gefe ɗaya, mu duba mu ga 'yar ragar bakin iyafis ce ta toshe da dauɗar kunne da ƙura. Balle yanzu da hunturu, ƙurar garin nan ba abin da take bari.

Musa_Buzaye: Kai ku daina wahal da bawan Allah. Ka sa mono, wato sauti ɗaya a kunnuwa biyu, ka cire na hagun ka sa aljihu, ka ji karatunka da kunne guda. Ni haka nike yi tun da daɗewa.

Sani_MaiNiƙa: @Abba_GSM na gwada yanzun nan. Ta tsaya hagu. Har na ari na ƙanena na sake gwadawa, duk ɗaya.

Abba_GSM: To kunne ne. Allah Ya ba da lafiya. Abin da yaron nan ya nuna maka shi ne balans, yana cikin Accessibility a saitin waya, tun daga Android 10 ake samun shi a yawancin wayoyi. Aikinsa kawai rage ƙarfin gefe ɗaya don ɗayan ya fi. Ba ruwansa da siririn sauti ko kakkaura, duk tare yake ɗaga su. Shi ya sa ka ji abin da ka ji.

Usee_Dandima: Bari in ɗora a kan maganar Abba, don tambayar Malam Sani tana da kyau ƙwarai, kuma mutane da yawa ba su san bambancin ba.

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Ƙananan lambobi su ne kauri, irin rugugin ganga ko na babbar mota. Manya su ne siri, irin kukan tsuntsu ko sautin s da sh da ts a magana. Ikwalaiza mai layi goma da kuke gani yawanci an raba shi ne 31, 62, 125, 250, 500, 1000, 2000, 4000, 8000 da 16000. Shi Malam Sani kunnensa na hagu yana jin na ƙasan lafiya lau, na saman ne suka ragu. Da ya ja balans, sai ya ƙara wa kunnen abin da tun farko yake ji, abin da ba ya ji kuma ƙarin bai kai ya fito da shi ba. Kamar miyar da gishiri ya yi wa kaɗan ce, sai ka ƙaro wani ludayin miyar.

Matsalar ita ce ikwalaiza na yawancin manhajoji, har da VLC da waɗanda ke zuwa da waya, in ka ɗaga layi ɗaya to kunnuwa biyu ya shafa. In ya ɗaga 4000 don hagu ta ji, dama za ta sha tsuwa. Wadda na sani tabbas tana raba su a Android ita ce Neutron Music Player, ikwalaizanta kowane gefe da nasa. Poweramp ma in ka juya ikwalaizansa zuwa parametric, wato saitin da kai ke tsara kowane layi da kanka, kowane layi za ka iya ce masa hagu kawai ko dama kawai. Duk biyun na kuɗi ne amma suna ba da damar gwaji.

Zee_Arkilla: Neutron ɗin nan na taɓa sauke ta, wallahi ko minti goma ban yi ba na goge. Ka ce gaban jirgin sama, maɓallai ko'ina. Mutumin da yaro ne ya nuna masa balans za ka tura can?

Usee_Dandima: 😂 Gaskiyarki Zee, fuskarta ba ta da daɗin kallo. Amma sau ɗaya ake saitawa. In yana so ni zan yi masa, ba nisa.

Maman_Haidar: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi damuna a bayanin ɗan'uwanmu ba manhajar ba ce, shekara taran nan ce a gaban injin niƙa. Abin da ya siffanta shi ne yadda ƙara ke fara cin kunne. A can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai siffar katantanwa, cikinsa wasu ƙananan gasu ne ke karɓar sauti. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma waɗanda ke fara tafiya su ne na wajen 4000 Hz. In sun mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa mutum zai ce ina jin ana magana amma ba na rarrabe kalmomin, musamman a cikin taro ko kasuwa.

Malam Sani, ka je a auna maka. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wato UDUTH, yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Awon ba zafi, za a sa maka abin ji a kunna 'yan sautuka daga 250 har 8000 Hz, kowane kunne daban, ka riƙa nuna alama in ka ji. A ƙarshe a ba ka takarda mai zane, dama da jan da'ira, hagu da shuɗin gicciye. Kuma kafin nan za a leƙa kunnen, don wani lokaci dauɗa ce kawai ta cushe, a wanke a wuce wurin. Wani dalilin da ya sa nake matsa maka: ƙarar wurin aiki ta fi cin kunnuwa biyu tare. In ɗaya ya fi ɗaya lalacewa sosai, likita zai so ya san dalili.

Sani_MaiNiƙa: Na gode Hajiya. Ni dai injin gefen haguna yake in ina zuba hatsi, ko shi ya sa? Kuma da dare in gari ya yi tsit ina jin wani ɗan kuka siriri cikin kunnen.

Maman_Haidar: Yana iya zama shi ne, amma ba ni zan yanke ba daga nan. Kukan da kake ji ma ka faɗa wa likita. Kuma don Allah duk wanda ke karanta wannan: in ka kwanta lafiya ka tashi kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, wannan ba na jira ba ne, a ranar ake zuwa asibiti, don maganinsa yana aiki ne in an fara da wuri.

Baba_ƘofarRini: Yara ku bari in sa baki. Wanga zance na hagu da dama ba yau anka hwara shi ba. Zamanin kaset, in kab ba mai rikoda ya kwahe maka waƙa, sau da yawa sai ka iske gehe guda ya hi guda ƙarhi, ko guda ya dushe. Kan rikodan na ya karkace ko ya yi dauɗa. Mukan sa auduga da ɗan sifirit mu goge, akwai kuma wani ɗan noti gehen kan da aka juyawa da sukundireba har muryar ta washe. To waɗanga tsohin kiɗin taushi da kotso da kuka turawa juna cikin memori, mahi yawansu daga irin waɗannan kaset ɗin anka ɗauko su, da aibinsu da komi. Ni ina da wajen ɗari, rabinsu gehe guda ɗai ka magana. Mi za a yi musu?

Usee_Dandima: Baba barka da dare. Naka ya fi na Malam Sani sauƙi, don laifin na fayil ɗin ne. Tsofaffin ɗaukan nan yawanci da makirfo ɗaya aka yi su, wato asalinsu mono ne, abin da ke hagu shi ne ke dama. In don saurare ne kawai, kunna Mono audio a wayarka, zai haɗe gefen biyu ya aika wa kowane kunne abu ɗaya. In kuma gyara na dindindin kake so, akwai Audacity a kwamfuta, kyauta ce. A raba waƙar gida biyu, a jefar da gefen da ya mutu, a ajiye mai kyan a matsayin mono. In duka biyun suna da rai amma ɗaya ya dushe, a nan ma ana iya yi wa gefe ɗaya ikwalaiza shi kaɗai sannan a mayar a haɗe.

Baba_ƘofarRini: Madalla ɗana. Kwamfuta kam sai jikana ya zaka hutu. Allah shi yi albarka.

Nura_MaiSauti: Ni sana'ata ke nan, hayar kayan sauti wurin wa'azi da walima da ɗaurin aure, don haka bari in faɗi abin da na sani. Mu a wurinmu saita hagu daban dama daban ba baƙon abu ba ne. Ikwalaizan da nike aiki da shi dbx 231 ne, layi 31 a sama na gefe ɗaya, 31 a ƙasa na ɗayan. Dalili, wuri ba ya zama daidai. Ka je ƙofar gida a cikin gari, lasifika ɗaya ta jingina da katanga ko ta shiga kusurwa, ɗayar tana fili. Wadda ke kusurwa kaurinta zai yi yawa, don bango yana maido shi. Dole in rage mata layukan 100 zuwa 200 Hz, ɗayar in bar ta.

Amma ga abin da nike so Malam Sani ya riƙe. Mu ƙa'idarmu ragewa ta fi ƙarawa. Duk layin da ka ɗaga sama kana cin sararin da sautin ke da shi, in ya cika sai ya fashe, ka ji yana karce-karce. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. In ka ɗaga wani layi da desibel 6, to ka sauke firi'am, wato babban maɓallin da ke gefen layukan, da 6 shi ma. Kuma kada ka yi wa gefen biyu saiti mai nisa da juna sosai. Murya a tsakiyar kai take zama saboda kunnuwa biyu suna samun ta daidai. In ka wuce gona da iri sai ka ji kaurin muryar malam yana dama, sirinta yana hagu, mutum ɗaya ya rabu biyu. Kaɗan-kaɗan ake yi.

Musa_Buzaye: Kun gani ko? Duk wanga lissahi don a ji tafsiri. Na ce a sa mono.

Abba_GSM: Musa mono ba ta gyara nasa ba. Karatun da yake ji dama can murya ɗaya ce a gefen biyu. In ya cire na hagu ya bar dama, kunnen da ya rage masa mai kyau shi zai riƙa ɗora wa duk nauyin, kuma mai kunne ɗaya a cikin hayaniya ƙure ƙara yake yi.

Musa_Buzaye: To ni dai bisa kabu-kabu ba ni toshe kunne biyu, mota ta taho bayana ban ji ba.

Zee_Arkilla: Wannan kuma gaskiya ce, amma a kan mashin ai ko ɗayan ma bai kamata ba 😅

Ummu_Sultan: Masu iPhone fa kada a manta da mu. Mahaifiyata tun da ta yi sanƙarau tana yarinya kunnenta ɗaya ya yi rauni. A wayarta akwai balans a cikin Accessibility, sannan tun iOS 14 akwai Headphone Accommodations da ke fito da siririn sauti. Sai dai wannan na biyun da AirPods da wasu Beats yake aiki, ba kowane iyafis na kasuwa ba. Mun saita mata ta ce ta fi jin muryar jikokinta a bidiyo.

Ɗan_Kalambaina: Samsung ma suna da nasu, Adapt Sound. Ka shiga ɗaki shiru ka sa iyafis, wayar ta riƙa yin ɗan ƙara tit tit a kunne ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ka ji ko ba ka ji ba, daga nan ta haɗa maka saitin da ya dace da kowane kunne. Shi ne ainihin abin da Malam Sani ke nema, ba sai ya taɓa lamba ko ɗaya ba. Kuma ba a manhaja ɗaya ya tsaya ba kamar su Neutron. Ni inda nake aiki ana ba mu abin toshe kunne, amma tsakani da Allah da yawanmu a aljihu yake kwana saboda zafi. Da na yi gwajin nan ne jikina ya yi sanyi, don akwai sautukan da ban ji ba sam.

Sani_MaiNiƙa: Wato sai na sayi Samsung ke nan? Wanga tsadar?

Usee_Dandima: A'a ba sai ka saya ba. Amma Ɗan_Kalambaina ya taɓo abin da na manta ban faɗa ba. Neutron da Poweramp abin da ka kunna a cikinsu kawai suke gyarawa, wato fayilolin da ke wayarka ko memori. In ka buɗe YouTube ko saƙon murya na WhatsApp, saitin ba zai bi ka can ba. Akwai Poweramp Equalizer da aka ware don ya yi aiki a kan wasu manhajojin, amma ba kowace yake kamawa ba, sai an gwada. In karatunka a memori yake, ba matsala.

Masu kwamfuta mai Windows kuwa sun huta. Equalizer APO kyauta ne kuma duk sautin da ke fita daga na'urar yake gyarawa. Layi uku kawai za ka rubuta:

Preamp: -6 dB
Channel: L
Filter: ON PK Fc 4000 Hz Gain 6 dB Q 1.41

Na farko shi ne ragewar da Nura ya ce, na biyu yana cewa hagu kawai, na uku ya ɗaga wajen 4000. In Malam Sani ya samo takardar da Maman Haidar ta ce, sai mu duba inda zanen ya faɗi mu cike gurbin daidai. In ta nuna ya rasa desibel 30 a wani wuri mu ƙara 30.

Maman_Haidar: A'a Usee, nan kam ka yi kuskure, kada ku yi haka. Ba a mayar da duk abin da takarda ta nuna an rasa. Ko na'urar taimakon ji da ƙwararru ke saitawa, tsohuwar ƙa'idarsu wajen rabi ake ƙarawa, kuma ita tana ɗaga sauti mai rauni ne ta bar mai ƙarfi. Kunnen da ya lalace ta wannan hanya ba ya jin ƙaramin sauti, amma da ya yi ƙarfi sai ya dame shi ko ya fi mai lafiya. Ka zuba masa 30 a kan sautin da dama yake da ƙarfi, ka ƙarasa abin da inji ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Shi kuma ya riga ya cinye rabonsa a wurin aiki kafin ma ya sa iyafis.

Usee_Dandima: Na karɓi gyara Anti. Dama yawancin ikwalaiza ba sa wuce 12 ko 15. Mu tsaya a 4 zuwa 6.

Nura_MaiSauti: Abin da na ce ke nan, kaɗan-kaɗan.

Aliyu_Gagi: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana sun taru. Ni nawa iyafis mai waya ne, in na sa sai kiɗa ya fito amma muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga rijiya. In na danne maɓallin amsa kira na riƙe sai komai ya dawo daidai. Kunnena ne ko me?

Abba_GSM: Kunnenka lau. Bakin iyafis mai zobe uku iri biyu ne, CTIA da OMTP, an sauya wurin wayar makirfo da ta ƙasa, wato ground, a tsakaninsu. Tsofaffin Nokia da Sony Ericsson OMTP suke, wayoyin yanzu CTIA. In ba su dace ba, duk abin da yake iri ɗaya a hagu da dama sai ya kashe juna, murya kuwa a tsakiya take, shi ya sa ita ke ɓacewa. Wani lokaci kuma bai shige ramin har ƙarshe ba ne saboda rigar waya ko datti. Cire rigar ka gwada, in bai yi ba canza iyafis.

Aliyu_Gagi: Ikon Allah, rigar ce. Wata biyu ina fama.

Baba_ƘofarRini: Shi wanga mai niƙa, a ɗiga mai ɗan man zaitun da dare. Mu haka munka taso.

Maman_Haidar: Baba da girmanka, mai yana tausasa dauɗa ne kawai in ita ce. In dodon kunne ya huje ko kunnen na ruwa, ɗiga wani abu na iya jawo ciwo. A bari a leƙa tukuna. Haka tsinken ashana da gashin kaza da murfin biro, ciki suke ƙara tura dauɗar.

Baba_ƘofarRini: To likita, mun ji. Gashin kaza dai da wuya in bari.

Sani_MaiNiƙa: Salamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya bayan isha'i mun haɗu da Usee, Allah Ya saka mai da alheri. Ya mayar da balans ɗin tsakiya, ya sa mini Poweramp, ya ɗaga 4000 da biyar, 8000 da uku a hagu kawai, ya rage wancan babban. Muryar malam ta matso tsakiya, ba ta kai daidai ba amma ta baro inda take, kuma ciwon kan nan babu. Abu guda, tsofaffin karatun da anka ɗauka da kaset yanzu suna wani shuuu a kunnen hagu wanda da ban ji.

Nura_MaiSauti: Wannan shuuu ɗin na kaset ne, dama yana nan, a sama yake zaune inda kuka ɗaga. Rage 8000 ɗin zuwa ɗaya ko ka mayar da shi sifili, ka bar 4000. Ko ku ajiye saiti biyu, ɗaya na tsofaffi ɗaya na sababbi.

Maman_Haidar: Asibitin fa? Da abin toshe kunne a wurin inji?

Sani_MaiNiƙa: Hajiya na sa auduga yau. Asibiti sai ranar da kasuwa ta yi sauƙi, in sha Allahu cikin satin nan mai zuwa.

Maman_Haidar: Auduga ba ta tare ƙara sosai, na soso ko na roba za ka nema, masu sayar da kayan aikin gini suna da shi. Zan sake tambayarka ranar Litinin.

Musa_Buzaye: Usee, shi wanga Poweramp in kwanakin gwajin sunka ƙare, saitin na tahiya ko yana nan?